Legon: laccocin da ake buɗe wa kowa da kiɗan ɗalibai a Jami'ar Gana

Jami'ar Gana tana kan tudun Legon, kimanin kilomita 12 arewa maso gabas da tsakiyar birnin Akara, kuma daga zangon Madina tafiyar 'yan mintoci ce a motar trotro. Yawancin mutanen zango sun san ta a matsayin wurin da ake kai yaro idan ya ci jarrabawa kuma aljihun iyaye ya yarda. Amma akwai wani sashe na harkokinta da ba ya buƙatar takardar shiga ko shaidar kammala wata makaranta: laccocin da ake gayyatar jama'a su saurara, da wasannin kiɗa, rawa da kwaikwayo da ɗalibai ke nunawa a bainar jama'a. A Legon waɗannan abubuwa biyu sun taso tare, kuma sau da yawa a zaure ɗaya ake yin su a yammaci ɗaya.

An kafa makarantar a 1948 da sunan Kwalejin Jami'a ta Gold Coast, ƙarƙashin kulawar Jami'ar Landan. Ta fara zama a Achimota kafin ta koma Legon, ta kuma zama jami'a mai cin gashin kanta a 1961, Kwame Nkrumah yana matsayin uban jami'a. Babban ɗakin karatunta yana ɗauke da sunan shugabanta na farko, David Balme. A can ƙolin tudun kuwa akwai babban zauren taro da hasumiyarsa, wanda ake hangowa daga nesa. Nan ne ake yin manyan laccoci.

Ire-iren laccocin

Wadda ta fi kowacce girma a idon jami'ar ita ce laccar tunawa da Aggrey, Fraser da Guggisberg, da aka fara a 1957, shekarar samun 'yancin kai. Mutanen uku su ne ginshiƙan makarantar Achimota: James Kwegyir Aggrey, malami ɗan ƙasa da ya rasu a 1927, Alexander Fraser, shugaban makarantar na farko, da Gordon Guggisberg, gwamnan mulkin mallaka daga 1919 zuwa 1927. Bisa al'ada baƙo ake ɗaukowa daga waje, ya yi magana a kan batu guda a zama fiye da ɗaya. Barbara Ward, masaniyar tattalin arziki 'yar Birtaniya, ita ta buɗe jerin, kuma daga baya aka buga jawabanta a littafi. Ali Mazrui na Kenya ya yi tasa a 2002, inda ya tattauna gadon da Nkrumah ya bari.

Sai laccar kama kujerar farfesa, wadda masu karatu da Faransanci suka sani da leçon inaugurale. Idan malami ya kai matsayin cikakken farfesa, ana sa ran wata rana ya tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da ya kwashe shekaru yana bincike a kai, cikin harshen da wanda ba na fagensa ba zai iya bi. Shugaban jami'a ne ke jagorantar zaman. Manyan malamai suna shigowa a jere cikin rigunansu na alfarma, a karanta tarihin mai lacca, ya yi magana kamar sa'a guda, a tashi. Ba a saba yin tambaya da amsa a irin wannan zama ba, domin rana ce ta karramawa. Kafin ranar, akan baje littattafai da maƙalun malamin a ɗakin karatu na Balme domin duk mai so ya duba. Dangi sukan cika zauren, wani lokaci har da sarkin garinsu da tawagarsa, sai taron ya ɗan yi kama da biki. Ga wanda yake son jin inda bincike ya kwana a kan zazzaɓin cizon sauro, ko noman koko, ko dokar filaye, ko harsunan ƙasar, babu hanya mai araha da ta kai wannan.

Akwai kuma taron sabuwar shekara, wanda ake kira New Year School, da ya samo asali tun ƙarshen shekarun 1940 daga sashen ilimin manya. A watan Janairu ake yin sa na 'yan kwanaki, kuma yana tara malaman makaranta, 'yan ƙwadago, ma'aikatan ƙananan hukumomi, sarakuna da 'yan siyasa, su tattauna batu guda da ya shafi ƙasa. Sau da yawa shugaban ƙasa ko mataimakinsa ne ke buɗe shi. Shi wannan ana yin rajista. Ƙasa da waɗannan akwai zaman mako-mako na sassa da cibiyoyi, inda ɗalibin digiri na uku ko baƙon malami ke gabatar da aikin da bai gama ba, a yi masa tambayoyi ba sani ba sabo. A nan ne ake ganin yadda ilimi ke dahuwa, kuma a ganin mai wannan rubutu sun fi manyan laccocin daɗin saurare.

Lokutan da lacca ta zama abin tsoro

Kada mai karatu ya ɗauka duk shagali ne. A watan Disamban 1962 Legon ta karɓi babban taron farko na masana nazarin Afirka na duniya, ƙarƙashin jagorancin masanin tarihi ɗan Najeriya Kenneth Dike, a lokacin da wasu jami'o'in Turai ke musun cewa Afirka tana da tarihin da za a koyar. A Fabrairun 1963 jami'ar ta ba W. E. B. Du Bois digirin girmamawa ranar da ya cika shekara 95, watanni kaɗan kafin rasuwarsa a Akara. Ranar 13 ga Mayun 1964 kuma Malcolm X, wanda bai daɗe da sauke farali a Makka ba, ya yi jawabi a babban zauren a kan halin da baƙaƙen fata ke ciki a Amurka.

A daidai wannan lokaci dangantaka tsakanin gwamnati da jami'a ta yi tsami. Nkrumah yana ganin Legon ta zama mafakar masu adawa da tafiyarsa, shugaban jami'ar na lokacin kuma, Conor Cruise O'Brien ɗan Ailan, yana cewa dole a bar malamai su faɗi ra'ayinsu. A farkon 1964 an kori wasu malamai baƙi daga ƙasar. Wato mutumin da ya fi kowa ɗaga darajar jami'ar shi ne kuma ya taka ta.

Misalin da 'yan Gana suka fi tunawa ya zo a 1988, zamanin mulkin soja na Jerry Rawlings. Albert Adu Boahen, farfesan tarihi da ya yi aikinsa a Legon, ya gabatar da laccocin tunawa da J. B. Danquah, inda ya fito fili ya ce shirun da mutane suka yi tsoro ne ya jawo shi. Ba a harabar jami'a aka yi waɗannan laccoci ba, Cibiyar Fasaha da Kimiyya ta Gana ce ke shirya su a cikin gari, amma daga al'adar Legon suka fito. Har yau ana ambatonsu a matsayin abin da ya fasa shirun, kuma Boahen ɗin ne ya tsaya takara da Rawlings a zaɓen 1992.

Yadda ganga ta shiga aji

Labarin kiɗa a Legon ba ya cika sai an fara da Ephraim Amu, wanda aka haifa a 1899 a yankin Peki. Malami ne a kwalejin horar da malamai ta cocin Presbyterian da ke Akropong, kuma a farkon shekarun 1930 ya rasa aikinsa saboda ya hau mumbari da mayafin gargajiya maimakon kwat, kuma ya dage a kan koyar da kiɗan ganga. Ya tsara waƙoƙin rukuni cikin harsunan Ewe da Twi, ya kuma gyara atenteben, wata sarewar gora, yadda za a iya koyar da ita a aji da rubutattun alamomin kiɗa. Daga baya ya koyar a Legon. Ya rasu a 1995, kuma hotonsa ne a tsohuwar takardar sidi 20,000.

Wanda ya gina harsashin kuwa shi ne J. H. Kwabena Nketia, haifaffen Mampong a ƙasar Asante a 1921. Ya shigo jami'ar a 1952 a matsayin mai bincike, ya riƙa yawo ƙauye-ƙauye da na'urar naɗar murya yana ɗaukar kiɗan fada, waƙoƙin makoki da na aiki. A 1961 aka kafa Cibiyar Nazarin Afirka, Thomas Hodgkin ya zama daraktanta, kuma a 1962 aka buɗe makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo a ƙarƙashinta. Nketia ya gaji Hodgkin a 1965, ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe cibiyar. Littafinsa The Music of Africa na 1974 har yanzu ana karanta shi a sassan kiɗa na ƙasashe da dama. Shi ya tsara taken jami'ar, kuma taskar faya-fayan cibiyar tana ɗauke da sunansa. Ya rasu a 2019 yana da shekara 97.

Sai dai sauran ɗalibai ba su karɓi wannan sabon fanni hannu bibbiyu ba. Suka raɗa masa suna dondology, wato ilimin dondo. Dondo kuwa ita ce gangar hammata mai tsarkiya, 'yar'uwar kalangu. Manufar ba'ar a fili take: wanda ya zo jami'a ya ƙare da kaɗa kalangu ya yi asarar kuɗin makaranta. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin a gidajenmu ma ana son kiɗa ana raina makaɗi; a yi wa mai goge liƙi da dare, da safe a hana shi auren 'yar gida. Kalmar ta daɗe tana yawo a Legon, har wasu daga cikin waɗanda aka yi wa ba'ar suka ɗauke ta suna kiran kansu da ita cikin alfahari. Abin da ya rage mata kaifi shi ne yadda ɗalibai daga Amurka da Turai suka riƙa biyan kuɗi su zo Legon domin su koyi wannan dondo ɗin.

A 1962 ɗin ne Nketia da Albert Mawere Opoku suka kafa ƙungiyar rawa ta Ghana Dance Ensemble. Opoku ya tattaro raye-raye daga sassan ƙasar, adowa da kete na Asante, agbadza na Ewe, kpanlogo na matasan Ga, bawa na Dagaba, takai da bamaya na Dagomba, ya tsara su yadda za su hau dandamali. Rawar da ake kwana ana yi a filin gari ta koma ta mintoci goma, masu rawa suna fuskantar 'yan kallo maimakon su yi da'ira. Wannan aiki ya jawo muhawarar da ba ta mutu ba: wasu na ganin ya ceci raye-rayen ya kuma sa Bayarabe da Bature sun san su, wasu na cewa ya cire musu rai, har ta kai yara a wasu garuruwa suna kwaikwayon tsarin Legon suna zaton shi ne na kakanninsu. Duka ɓangarorin suna da hujja. A farkon shekarun 1990 ƙungiyar ta rabu biyu, wani sashe ya koma sabon Gidan Wasan Ƙasa da ke cikin gari, ɗayan ya ci gaba da zama a Legon. Su ne ke kiɗa da rawa a tsakiyar manyan laccoci. Akan kuma ji seperewa, wani abin kiɗa mai tsarkiya ɗan'uwan kora, ana yi wa mai lacca kirari da shi kafin ya hau mumbari. Osei Korankye ne ya yi suna a wannan.

Abin da ɗalibai ke nunawa

A yau makarantar tana da sassa uku: kiɗa, rawa, da wasan kwaikwayo. Abin da ya bambanta su da sauran sassan jami'a shi ne wani ɓangare na jarrabawarsu a gaban mutane ake yin sa. Ɗalibin kiɗa da ke shekarar ƙarshe zai tsaya da abin kiɗansa ko muryarsa, malamai na zaune da takardun maki, abokai da iyaye na baya. Ɗalibar rawa za ta tsara wasa ta horar da 'yan ajinta su taka. Mai karatun bada umarni zai ɗora cikakken wasa a dandamali. Saboda haka ƙarshen zangon karatu shi ne lokacin da harabar ta fi cika da sauti.

Rukunonin da ɗalibi ke shiga sun haɗa da na gangunan gargajiya, na atenteben, na gyil (balafon ɗin mutanen Dagara da maƙwabtansu na arewa maso yamma, wanda masu karatu a Burkina Faso suka sani), na mawaƙan rukuni, da na kiɗan zamani. Shigar kiɗan zamani cikin manhaja ma sai da aka yi ja-in-ja, domin waɗanda suka sha wuya kafin a yarda da ganga ba duka ne suka yarda jita da highlife sun cancanci aji ba. John Collins, wanda ya yi kiɗa da manyan mawaƙan highlife ya kuma rubuta tarihinsu, yana cikin waɗanda suka buɗe wannan ƙofa tun daga shekarun 1990. Daga wannan sashe ne ƙungiyar Legon Palmwine Band ta fito, tana farfaɗo da tsohon salon jita na bakin teku wanda ya samo sunansa daga wuraren shan bammi inda aka fara kaɗa shi.

Wurin da aka fi yin wasannin shi ne dandalin Efua Sutherland. Marubuciyar ta gina asalinsa a tsakiyar Akara a farkon shekarun 1960, da siffar tsakar gida, babu rufi, 'yan kallo kusa da 'yan wasa kamar masu sauraron tatsuniya. Da aka rushe shi domin gina Gidan Wasan Ƙasa, sai aka sake gina irinsa a Legon. Akwai kuma Abibigromma, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar da aka kafa a 1983.

Bayan wannan, kowane ɗalibin digiri na farko, ko injiniya yake karanta, sai ya ɗauki darasin nazarin Afirka, kuma daga cikin zaɓin da ake bayarwa akwai kiɗa da rawa. Ga kuma kiɗan da babu malami a kansa: jama, waƙoƙin tafi da ganga da kuge da ɗalibai ke yi a ɗakunan kwanansu da wajen wasanni. Mazauna Commonwealth, gidan maza zalla da ke kiran kansu Vandals, su suka fi shahara da shi, kuma ba duka baitocinsu ne za a so yara su ji ba.

Ina Hausawa a ciki?

Alaƙar tana nan, kuma ta girmi yawancin masu karanta wannan shafi. Ranar 25 ga Oktoban 1963, a jawabin buɗe Cibiyar Nazarin Afirka, Nkrumah ya ambaci takardun Larabci da na Hausa da cibiyar ta fara tarawa, a matsayin shaidar wata al'adar ilimi a Gana da ba a san ta sosai ba. Aikin tattarawar Ivor Wilks ne ya ja shi, tare da Alhaji Usman Boyo, wanda ya san malaman zanguna ya kuma san yadda ake roƙon malami ya fito da littafin kakansa. Aro ake yi, a ɗauki hoton takarda, a mayar wa mai ita. Da haka aka tara ɗaruruwan rubuce-rubuce, ciki har da na Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934, wanda ya yi waƙoƙi da Hausa da Larabci a kan zuwan Turawa da halin zamaninsa. Mutanen Togo ma suna da rabo a cikinsa, domin a zamanin Jamus Kete-Krachi a ƙarƙashin Togo take.

Ta fuskar kiɗa ma akwai zumunci. Lunga ta Dagomba da kalangu gida ɗaya suka fito, gonje kuma ko sunansa ya nuna ɗan'uwan goge ne. Salisu Mahama, gwanin gonje daga Dagbon, ya koyar a Legon, kuma Jacqueline DjeDje, wadda ta yi nazari a hannunsa, ta buga littafi a 2008 da ya kwatanta goge tsakanin Fulani, Hausawa da Dagomba. Kujerar Kwame Nkrumah ta nazarin Afirka, wadda marubucin waƙoƙi Kofi Anyidoho ya fara riƙewa, ta taɓa zuwa hannun Amina Mama, wadda ta tashi a Kaduna.

Duk da haka, wanda ya saba zuwa wasannin zai lura cewa arewa tana bayyana ne da fuskar Dagomba, Dagaba ko Frafra, wato ƙabilun da ke da ƙasa da sarauta a taswira. Kiɗan zango, irin na biki da suna da sallah a Nima ko Sabon Zango, da waƙoƙin bege, da ganga da algaitar sarakunan zango, ba kasafai yake hawa dandamalin ba. Dalili ɗaya shi ne tsarin da aka gada tun 1962 yanki-yanki ya raba ƙasar, zango kuwa ba yanki ba ne, yana ko'ina. Hausa ma haka take: gidan rediyon ƙasa yana watsa shirye-shirye da ita, kasuwa tana ciniki da ita, amma ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ware domin koyarwa a makarantu. Ɗaya dalilin daga gida yake. Iyayen zango da suka yi fafutuka ɗansu ya shiga Legon ba su cika yarda ya karanta kiɗa ba, kuma abin da ɗalibi bai kawo a matsayin aikin bincikensa ba, da wuya ya shiga taska. Makaɗan zango da suka tsufa suna rasuwa ba tare da an naɗi muryarsu ba, alhali taskar Nketia tana nan tafiyar rabin sa'a daga gidajensu.

Ga mai son halarta

Manyan laccoci kyauta ne, kuma da yamma ake yin yawancinsu. Da Ingilishi ake magana, abin da zai iya zama cikas ga baƙo daga Nijar, Binin, Togo ko Kamaru, ko da yake jami'ar tana da sashen Faransanci, ana kuma koyar da Larabci, kuma akwai ɗalibai da dama daga ƙasashe masu amfani da Faransanci da suka zo domin Ingilishin. Kiɗa da rawa ba su da wannan matsala. Wasannin dandalin Efua Sutherland akan sayar da tikiti a ƙofa, da rangwame ga ɗalibai. Sanarwa tana fitowa a shafin intanet na jami'ar da shafinta na Facebook, da allunan talla a bakin babbar ƙofa, da kuma Radio Univers, gidan rediyon harabar da ke kan mita 105.7 a zangon FM. Ana watsa da yawa daga cikin manyan laccocin kai tsaye ta intanet, don haka wanda ke Garwa ko Njamena zai iya bi daga wayarsa.

Daga babbar ƙofa zuwa zauren taro hawa ne mai ɗan nisa, kuma akwai tasi da ke jigila a cikin harabar. Akwai masallaci a jami'ar, wanda zai yi amfani ganin cewa lacca takan ci lokacin magariba. A laccar kama kujerar farfesa ana son mutane su zauna kafin jerin malamai ya shigo, kuma ana miƙewa tsaye idan za su shiga da idan za su fita.